Cin Amanar Aure a Gajerun Finafinan 'Yan Koyo na Hausa: Nazarin Zubi da Matsayin Hujja

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi gajerun finafinan Hausa da 'yan koyo ke ɗauka da wayar salula su saka a YouTube da TikTok da Facebook, musamman waɗanda suka ɗauki cin amanar aure a matsayin jigo. Ta nuna cewa addini da kunya da ƙarancin kayan aiki sun hana waɗannan finafinai nuna laifin kansa, don haka suka mayar da nauyin labarin kan alamu, musamman allon waya, da kuma fitowar da ake kama mai laifi. Sakamakon haka, fim ɗin da ya fito da niyyar faɗakarwa yakan yanke hukunci da hujjar da shari'ar Musulunci ba ta karɓa.

1.0 Gabatarwa

Tun daga Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, aure da rigingimunsa ba su taɓa barin fim ɗin Hausa ba. Kishi da auren dole da saki da rabon gado su ne tubalan da aka gina akasarin labarai da su. Cin amanar aure kuwa jigo ne da manyan kamfanoni ke taɓawa da taka-tsantsan, domin akwai hukumar tacewa a gabansu, akwai malamai a bayansu, ga jarin da suka zuba. Matashin da ke da waya ɗaya da abokai uku ba ya ɗauke da wannan nauyi, shi ya sa jigon ya samu masauki a wurinsa.

A wannan maƙala, 'yan koyo na nufin masu shirya fim da ba su ƙarƙashin kamfani mai rajista, ba su da furodusa mai zuba jari, kuma 'yan wasansu ba sanannun fuskoki ba ne. Gajeren fim kuwa shi ne wanda ya ɗauki labari guda ya kai shi ƙarshe cikin 'yan mintuna. An ware guntayen barkwanci, domin manufarsu ban dariya ce, ba faɗakarwa ba. Manufar nazarin ita ce gano yadda zubin irin wannan fim ke tabbatar da laifi a idon mai kallo, sannan a auna wannan tabbaci da ma'aunin da fim ɗin kansa ke iƙirarin karewa.

2.0 Waiwayen Ayyukan da Suka Gabata

Larkin (1997) ya nuna yadda finafinan Indiya suka ba marubutan littattafan soyayya na Kano hanyar tattauna so da aure ba tare da sun kwaikwayi Turawa ba. A wani aikin nasa (2008) ya ja hankali ga rawar da kayan aiki ke takawa wajen samar da kamannin fim, har dishewar hoto da ƙarar sauti da kwafar kaset ke haifarwa suka zama abin da ido da kunne suka saba da shi. Wannan ra'ayi yana da amfani a nan, domin wayar salula ta zo da nata kamannin.

Abdalla Uba Adamu, a littafin da ya tace tare da Yusuf Adamu da Umar Faruk Jibril (2004) da kuma maƙalunsa na baya, ya bayyana cewa babban abin da ya jawo wa fim ɗin Hausa suka shi ne fito da cikin gida, wato ɗakin mace da sirrin ma'aurata, zuwa bainar jama'a. McCain (2014) ta ɗauki tonon asiri a matsayin ginshiƙin adabin Hausa na zamani, inda marubuci ko mai fim ke kare kansa da cewa yana tona ɓarna ne don a gyara. Waɗannan ayyuka sun fi mayar da hankali ga masana'antar Kannywood da littattafai, kuma an yi su kafin ɗaukar fim da waya ya zama ruwan dare.

Ta ɓangaren fim ɗin 'yan koyo, Zimmermann (1995) ta bi tarihinsa a Amurka, ta nuna cewa kullum da ma'aunin ƙwararru ake auna shi, abin da ke sa a kasa ganin nasa tsarin. Raskin (2002) kuma ya fitar da ma'aunai bakwai na gajeren fim. Biyu daga cikinsu aka ɗauka a nan: daidaito tsakanin tauraro da kayan da ke kewaye da shi, da daidaito tsakanin taƙaitawa da cikar labari.

3.0 Hanyar Nazari

An yi amfani da nazarin zubi da tsari, tare da aron kalmomin feɗe adabi da aka saba da su a jami'o'inmu ta hanyar ayyukan Abdulƙadir Ɗangambo, wato jigo da warwararsa da zubi da salo. Abin da aka nazarta shi ne samfurin labarin da ke maimaituwa a waɗannan finafinai, ba fim guda ba. Ba a ambaci sunan kowane mai shiryawa ko ɗan wasa ba, domin mutane ne masu zaman kansu, kuma a jigo irin wannan jama'a kan jingina wa 'yar wasa halin matar da ta fito a matsayinta. Wajen auna hujja an koma ga ayoyin Suratun Nur da Suratul Hujurat da fiƙihun Malikiyya, mazhabar da kotunan shari'a na Arewacin Nijeriya ke bi. An ƙirƙiro kalmomin fannu uku don sauƙaƙa bayani: musanyar gani, shaidar allo, da fitowar kamu.

4.0 Nazari

4.1 Yanayin Samarwa

Shekarar 2001 ce wayar salula ta tsarin GSM ta fara aiki a Nijeriya, kuma a wannan shekara ce aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano. Bayan shekaru ashirin, wayar ta zama kyamara da ɗakin haɗa hoto da kasuwa a lokaci guda. Da Tecno ko Infinix ake ɗauka, a yanka a CapCut ko KineMaster, a saka a intanet a rana ɗaya. Lokeshin shi ne falon wani daga cikin 'yan wasan, ko soron gidansu, ko motar da aka aro.

Kafafen sakawa su ma suna da hannu a zubin. TikTok ya fara da bidiyon daƙiƙa 15, ya kai minti 3 a 2021, ya kai minti 10 a 2022. YouTube kuma a 2018 ya sharɗanta masu bibiya 1,000 da awannin kallo 4,000 cikin shekara kafin a fara biyan mai tasha ta hanyar talla. Mai neman cika wannan sharaɗi dole ya riƙe mai kallo tun daga daƙiƙun farko, kuma ba abin da ke riƙe shi kamar alkawarin cewa asiri zai tonu.

4.2 Musanyar Gani

Fim ɗin Hausa ba ya nuna namiji da mace suna taɓa juna, ko da a matsayin mata da miji suka fito. Ƙarfin wannan ƙa'ida ya bayyana a 2016, lokacin da ƙungiyar masu sana'ar fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga masana'antar saboda bidiyon waƙar da ta fito a ciki tare da mawaƙi ClassiQ suna taɓa juna. Ɗan koyo, ko da ba ya cikin ƙungiyar, yana zaune a unguwa, kuma 'yar wasansa tana da iyaye da manema. Saboda haka laifin da aka gina labarin a kansa ba ya fitowa a allo ko kaɗan.

Abin da ke fitowa a madadinsa shi ne musanyar gani, wato a nuna abu a bar mai kallo ya ƙarasa. Takalmin namiji a bakin ƙofar ɗakin matar aure. Labulen da aka saki da rana tsaka. Mota mai baƙin gilashi da ke ajiye mace a bayan layi maimakon ƙofar gida. Ƙamshin turaren da uwargida ta ce ba nata ba ne. Wannan shi ne inda 'yan koyo suka fi nuna gwaninta, kuma ya dace da abin da Raskin ya faɗa game da kayan da ke ɗaukar ma'ana a gajeren fim. Mai kallo Bahaushe ya san cewa baƙo namiji iyakarsa zaure ko falon maigida, don haka takalmi kaɗai ya isar da saƙon da fim ɗin wata al'umma zai buƙaci cikakkiyar fitowa kafin ya isar.

4.3 Shaidar Allo

A cikin dukkan alamun, waya ce ta mamaye. Samfurin da ya fi yawa yana farawa ne da maigida ya shiga wanka ya bar wayarsa a kan gado, ko uwargida ta shiga kicin ta bar tata a kan kujera. Saƙo ya shigo. Kyamara ta leƙa ta bayan kafaɗar mai dubawa ta cika allo da rubutun WhatsApp. An adana lambar da sunan mai gyaran mota ko tela, amma kalaman na masoya ne. Sai tambayar da ake yawan ji da kalmomi daban-daban: Alhaji, tun yaushe makaniki ya fara kiran mutane ƙarfe ɗaya na dare?

Wannan ɗauka tana da arha, domin ba ta buƙatar ɗan wasa na uku ko wani lokeshin. Amma aikinta a zubi ya wuce tsimin kuɗi. Da zarar rubutun ya cika allo, mai kallo ya daina zama ɗan kallo, ya zama wanda ya karanta da idonsa. An sa shi a matsayin shaida, kuma an sa shi a wurin mai leƙen, ba a wurin wanda aka leƙa ba. Daga nan duk abin da wanda ake zargi ya faɗa ƙarya ce a kunnensa. In ya yi shiru, ya amsa laifi. In ya ɗaga murya, borin kunya yake yi. Zubin bai bar masa wata ƙofa ba.

Ya kamata a rarrabe nau'i biyu a nan. A na farko, an riga an nuna wa mai kallo haɗuwar maigida da farkarsa, ko ta matar aure da kwartonta, kafin abokin zama ya gano. A nan mai kallo ya fi tauraro sani, kuma abin da yake jira shi ne ranar tonuwa. A na biyu, mai kallo bai san komai ba sai abin da mai zargi ya gani a waya. Duk da wannan bambanci, nau'ukan biyu kan ƙare da hukunci iri ɗaya, kuma da tabbaci iri ɗaya. Wannan shi ne raunin da ya fi kowanne girma a zubin: saƙon waya, wanda iyakarsa ya haifar da zato, an ɗora shi a matsayin da ya yi daidai da gani da ido.

Akwai kuma abin da fim ɗin ke koyarwa ba tare da ya furta ba. Binciken wayar miji ko ta mata ba ya taɓa zama abin tuhuma a labarin, sai ma ya zama basirar da ta ceci gida. Aya ta 12 ta Suratul Hujurat ta haɗa hana yawan zato da hana bin diddigin asirin mutane a wuri guda. Fim ɗin da zai rufe da ayar hana kusantar zina ta Suratul Isra'i, ya gina dukkan labarinsa a kan aikin da wata ayar ta hana.

4.4 Fitowar Kamu

Ƙololuwar labarin ita ce fitowar kamu. Mai zargi ya shirya tarko: maigida ya ce ya yi tafiya sai ya dawo da dare, ko uwargida ta bi sawun motar har ƙofar otal. A buga ƙofa, a buɗe, a ga mutum biyu a tsaye cikin ruɗewa da cikakkun tufafinsu. Sai salati da kururuwa, maƙwabta su taru, wani lokaci har a ga wani daga cikinsu ya ɗaga waya yana ɗauka. A fitowar da ke biye ake miƙa takardar saki, ko a kira iyaye. Hajiya ta yi Allah ya isa, Kawu ya sunkuyar da kai.

Idan aka ajiye wannan kusa da fiƙihu, tazarar tana da faɗi. Aya ta 4 ta Suratun Nur ta sharɗanta shaidu huɗu, ta kuma yanke bulala 80 ga wanda ya jefi mace kamila da zina bai kawo su ba. Malaman Malikiyya sun bayyana cewa sai shaidun sun ga aikin kansa, ba keɓewa a ɗaki kawai ba. A zamanin Sayyidina Umar, shaidu uku da suka tuhumi Mugira ɗan Shu'uba su aka yi wa haddin ƙazafi, saboda shaidar na huɗun ba ta cika ba. Ga mijin da ya zargi matarsa ba shi da shaidu, ayoyi na 6 zuwa 9 sun tanadi li'ani, wato rantsuwoyi a gaban alƙali, kuma matar tana da damar kare kanta da nata rantsuwoyin. Risala ta Ibn Abi Zaid da Mukhtasar na Khalil, waɗanda ake karantawa a zaurukan malamai na ƙasar Hausa, duk sun yi bayanin wannan. Aya ta 19 kuma ta yi gargaɗi ga masu son yaɗuwar labarin alfasha a tsakanin muminai.

Ba a ce keɓewar matar aure da wani namiji ba laifi ba ne, ko kuma miji ba shi da ikon saki. Abin lura shi ne tsarin shari'a ya tsananta hujja domin ya rufa asiri ya kare mutunci, shi kuwa zubin fim ɗin ya sassauta hujja domin ya kai ga tonon silili, tunda nan ne daɗin kallon yake. Dokar hukunta laifuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ita ma a sassa na 387 da 388 ta ɗauki zinar mai aure a matsayin laifin da kotu ke saurara. A samfurin da ake nazari kuwa, alƙali da kotu ba sa fitowa. Maƙwabta su ne shaidu, su ne masu yanke hukunci.

Akwai wani rukuni da ya kauce wa wannan, wanda ya cancanci a yaba masa. A cikinsa zargin ƙarya yake zama: lambar ta yayanta ce da ke ƙasar waje, ko wata ƙawa ce ta ƙulla makirci. Amma gaskiya ba ta bayyana sai bayan an furta saki uku, kuma nadama ba ta da amfani. Wannan rukuni ya yi amfani da shaidar allo ya yaudari mai kallo da gangan, sannan ya nuna masa cewa shi ma ya yanke hukunci da zato. A fuskar fasaha da ta fiƙihu duka, shi ne mafi inganci.

4.5 Makomar Namiji da ta Mace

Hukuncin da labarin ke yankewa ya danganta da jinsin mai laifi. In maigida aka kama, ƙofofi da dama a buɗe suke. Yana iya tuba ya nemi gafara, uwargida ta yi yaji a yi biko ta dawo. Iyaye na iya ba ta haƙuri saboda 'ya'ya. Wani lokaci ma a warware rikicin da cewa ya auri budurwar ta waje, sai cin amana ya rikiɗe ya zama ƙarin aure, jigon ya koma kishi. In mace aka kama, ƙofa ɗaya ce: saki, kora daga gidan iyaye, rabuwa da 'ya'ya, sau da yawa har da ciwo ko hauka. Tubanta, in an nuna shi, a kan gadon asibiti ne.

Nassi bai yi wannan bambanci ba, domin aya ta 2 ta Suratun Nur ta ambaci mace da namiji da hukunci guda. Bambancin daga al'ada ya fito, kuma yana da tarihi a aikace. Amina Lawal, wadda kotun shari'a ta Bakori ta yanke wa hukuncin jifa a Maris 2002, cikin da ta haifa aka kafa hujja da shi, namijin da ta ambata kuwa ya musanta aka sallame shi, har sai da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta Katsina ta soke hukuncin a Satumba 2003. Adabin Hausa ya taɓa bin wata hanya dabam. A Alhaki Kuykuyo Ne (1990), Balaraba Ramat Yakubu ta sa mijin da ya wulaƙanta uwargidansa Rabi saboda wata macen shi ne ya ɗanɗani sakamakon, Rabi kuwa ta tsaya da ƙafafunta ta riƙe 'ya'yanta da sana'a. Irin wannan makoma tana buƙatar lokaci kafin a gina ta, kuma lokaci ne gajeren fim ba shi da shi.

4.6 Abin da Gajarta Ke Yankewa da Abin da Tacewa Ke Dubawa

Ma'aunin Raskin na taƙaitawa da cikar labari yana neman a rage tsawo ba tare da an rage ma'ana ba. A samfurin nan, abin da ake yankewa kusan kullum shi ne dalili. Ba a nuna shekarun da maigida ya yi yana ci-rani a Legas ko Fatakwal, ko auren da aka ɗaura ba da son yarinya ba, ko gidan da aka daina hira a cikinsa. In an kawo dalili, jimla ɗaya ce: ita kwaɗayi, shi kuma uwargida ta daina kwalliya. Na biyun ma ya mayar da laifin miji kan matar da aka zalunta. Dogayen shirye-shirye irin su Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ko Labarina na Aminu Saira suna da makonni na bin tarihin tauraro, ɗan koyo kuwa yana da mintunan da dole rabinsu su tafi ga fitowar kamu.

Hukumar Tace Finafinai ta Kano ta nuna a 2025 cewa tana ɗaukar abin da ake sakawa a intanet a cikin huruminta, lokacin da ta dakatar da shirye-shirye 22 saboda ba a kawo su tacewa ba. Waɗannan sanannun shirye-shirye ne masu ofis da adireshi. 'Yan koyo suna warwatse a Kaduna da Jos da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, inda dokar Jihar Kano ba ta kai ba. Ko da ta kai, abin da muhawarar tacewa ta fi kamawa tun 2001 shi ne sutura da rawa da taɓa jiki, wato abin da ido ke gani a hoto guda. Gajeren fim na cin amana yakan cika waɗannan sharuɗɗa duka: hijabi har ƙasa, ba rawa, ba taɓawa, ga aya a ƙarshe. Matsalar tasa tana cikin jerin fitowa ne, daga saƙon waya zuwa taron maƙwabta zuwa takardar saki, kuma gano ta na buƙatar a karanta rubutun labarin tun kafin a kunna kyamara, matakin da yawancin 'yan koyo ke tsallakewa, tunda a lokeshin suke tsara abin da kowa zai faɗa.